Gwangwanin Jar Mota

Baba ya fi shekara arba'in yana gyaran mota a ƙofar gidanmu a Gummi, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin aikinsa cire kaya ne. Duk motar da aka shigo da ita daga waje, ranar da ta fara tsayawa a gindin darbejiyarsa sai ya ɗaga bonet, ya ƙare wa injin kallo kamar mai tayin akuya, sannan ya sa hannu ya fara rage mata nauyi. Hujjarsa ɗaya ce: waɗanda suka ƙera motar a cikin sanyi suke zaune, don haka duk abin da bai ga amfaninsa ba, na sanyi ne. Wanda ya fi tsone masa ido wani ɗan ƙarfe ne mai kama da murfin buta, da ke tare ruwan lagireto har sai injin ya ɗau ɗumi. Sauran makanikai tamostat suke ce masa. Baba bargo yake ce masa.

"Mota tana cikin Gummi," in ji shi, "mi za ta yi da bargo?"

Abin da ya cire kuwa ba ya yarwa, ba ya sayarwa. Akwai wani tsohon duro a kusurwar zaurenmu. Duk ƙarfen da ya fito daga motar wani, sai Baba ya ɗauki ƙusa ya karce lambar motar a jikinsa, ya jefa a ciki. Bai yi boko ba, amma lambar mota ba ta taɓa ɓace masa ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi zarya har sun gaji. Ya ce ajiyar mutane ce, duk wanda ya tashi komawa ƙasar sanyi da motarsa ya zo ya karɓi bargonsa.

Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke" ce sunana, da na fara koyarwa a makarantar 'yan mata aka ƙara mini girma na koma "Malama". In ban da lafiyata da ta maigidana, ban tuna ranar da ya tambaye ni wani abu ba. Gidan aurena lungu uku ne daga gidanmu, kusan kullum in na tashi daga makaranta sai na biya wajen Inna, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

A shekarun baya-bayan nan aiki ya janye wa Baba. Motoci sun canza, idonsa ya fara yin yana, ga wani matashi ya buɗe gareji a tsallaken titi, yana da na'urar da yake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta gaya masa ciwonta. Mai kwamfuta ake ce masa. Baba yakan yi mako bai taɓa komai ba sai injin niƙa ko babur. Duk da haka kowace safiya sai ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya, ya jera sifanoninsa daga babba zuwa ƙarami, ya zauna. Abokansa tsofaffi su zo su cika benci, a yi ta gyaran duniya da baki. Mu 'ya'yansa mun daɗe muna roƙonsa ya huta, kuma ni ce mai babbar murya a cikin masu roƙon.

Sai ga jar mota.

Mai ita taubashina ne, ɗan Gwaggo, ƙanwar Baba. Tsakaninmu ba a gaisuwa sai da tsiya, haka aka haife mu. Ubansa direba ne, da a-kori-kura yake ɗauko hatsi daga Nasarawa Burkullu da Gwashi zuwa kasuwa, ya rasu tun taubashin nawa bai gama firamare ba. Da ya girma ya shiga ramukan zinariya a wajen Anka, ya yi shekaru ba ya dawowa da komai sai tari da faskararrun tafin hannu, rana ɗaya Allah ya buɗa masa. Mai hankali da gida zai fara. Shi kuwa ya sayo mota ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta saura kaɗan ya lashi ƙasa.

Ranar da ya fara kawo ta na zagaya ta sau biyu, na ce, "Alhajin rami, ina sauran motar? Ko rabi anka sai maka?"

Ya ce, "Malama mai alli, wagga ba a shigarta da ƙurar allo. Matsa."

Gwaggo sau ɗaya ta shiga, sai da mata biyu suka taru suka ciro ta, ta rantse ita da motar sai kallo. In zai je Zugu ko Gwashi ajiye ta yake ya hau babur kamar kowa, don hanyar can ba ta san darajar jar mota ba. Aikinta ɗaya ne: duk Juma'a ta taso daga Anka da hantsi ta zo Gummi ya gai da uwarsa, ta juya tun kafin la'asar, don hanyarmu yanzu ba a yin yamma a kanta.

Da bazara ta kama sai motar ta fara tari in tana tsaye. Mai kwamfuta ya zare tiyon iska ya tarar da baƙin mai ya yi masa damƙam. Ya yi wa taubashina bayani, shi kuma ya zo ya maimaita mana yana hura hanci kamar shi ya gano. Wai injin in yana aiki yakan fitar da wani tururi mai haɗe da mai, maƙeran motar kuma suka mayar da tururin ta tiyo zuwa maƙogwaron injin don ya ƙone. Yau da gobe man ya taru ya daskare a maƙogwaron. Maganinsa wani gwangwani ne da ake ɗaurawa a tsakiyar tiyon, tururin ya bi ta cikinsa, mai ya zauna, iska ta wuce. Taubashina ya yi odarsa ta waya, aka aiko shi tasha a cikin kwali.

Niyyarsa ya kai wa mai kwamfuta. Gwaggo ta ji labari.

"Kawunka na da rai, za ka ƙetare titi da mota gaban idonai? To ka ƙetare, amma kada ka biyo ta gidana."

Haka aka yi jar mota ta tsaya a gindin darbejiya wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ina zaure ina leƙe. Baba ya buɗe kwalin a nitse, ya zaro gwangwani mai sheƙi, bai fi kofin silba girma ba, yana da baki biyu a ka da wani ɗan tsinken auna mai. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya yi dariya.

"Wanga na abin da kaka ta waya a kai? Ni nan gwangwanin madara nika ɗaure ma manyan motoci shi tara mai, tun uwarka ba ta yi aure ba."

Takardar da ke cikin kwalin ko kallonta bai yi ba, ya mayar ya ture kwalin gefe. Wani tsohon tela da ke kan benci, wanda bakinsa bai taɓa hutu ba, ya ce, "Yau muna ganin ikon Allah. Mutumin da yas saba cirewa, yau shi za ya ƙara. Kada dai ka manta ka cire injin ka bar mashi gwangwanin."

Aka kwashe da dariya, har da Baba. Da a nan aka tsaya da ba a yi komai ba. Sai mai kwamfuta ya tsallako. Yaron kirki ne, ban taɓa jin ya yi wa Baba rashin kunya ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce a hankali, "Baba, akwai takarda cikin kwalin. Ko in karanta maka?"

Na ga wuyan Baba ya miƙe.

"Na gode," ya ce. "Ku dattawa ku zan shaida. Juma'a huɗu. In gwangwanin ga bai tara mai ba nan da Juma'a huɗu, na aje sihwana, in kwashe kayana in ba yaron ga kyauta. Daɗa sai ɗiyana su huta da yi mani wa'azi."

Na san Baba. In ya yi magana a gaban benci, ko Inna ba ta iya sauko da shi.

Aikin kuwa, ban taɓa ganin ya yi mai kyansa ba. Ya zura hannu cikin injin ya rufe ido, yatsunsa suka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har suka tsaya a kan wanda ake nema. Ya zaɓi wuri can gefe, nesa da inda salansa ke fitowa, ya ce kada zafi ya dame shi. Ya yanko ɗan fallen ƙarfe, ya lanƙwasa, ya huda, ya ɗaure da noti, gwangwanin ya sami wurin zama a tsaye yadda za a iya kwance gindinsa a zubar da mai. Ya aika cikin gida Inna ta kawo ruwan zafi a buta, ya tsoma bakin sabon tiyo har ya yi laushi, ya zura shi ya shige ba gardama, ya matse da kilif. Mai kwamfuta yana tsaye yana gyaɗa kai.

Amma Baba ba ya ɗaura abin da bai ga cikinsa ba. Kafin ya kafa gwangwanin sai da ya kwance shi ya leƙa. Ya sa yatsa biyu ya zaro wani dunƙulen zaren ƙarfe mai walƙiya, ya ɗaga shi sama.

"Kun gani? Sun cusa mashi wanga don kada shi motse bisa hanya. Wani da haka nan za shi ɗaura shi, iska ta rasa wurin wucewa."

Ya hure gwangwanin, ya rufe, ya jefa dunƙulen a aljihu. Mai kwamfuta ya buɗe baki, ya dubi fuskar Baba, ya mayar ya rufe. Shi ma, kamar yadda ya gaya mini daga baya, bai taɓa ɗaura irinsa ba, kuma wanda aka gwale sau ɗaya a gaban dattawa ba ya neman na biyu.

Da yamma Baba ya shiga gida ya miƙa wa Inna dunƙulen. "Ga soson ƙarhe, na waje na." Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta ce rabon da ya kawo mata tsaraba tun ana biyan makanikai da buhun gero. A ranar ta gwada shi a gindin tukunyar tuwo, ta kira ni in zo in ga fuskata a ciki.

Juma'ar farko jar mota ta zo. Baba ya zaro tsinken, a bushe. Ya ce motar ba ta yi tafiya ba tukuna. Tela ya ce wataƙila gwangwanin azumi yake, aka yi dariya.

Juma'a ta biyu ya kwance gindin gwangwanin gaba ɗaya. Ɗan danshi ne kawai a bango, ko ƙuda ba zai jiƙa ƙafa ba. Ya zare tiyon iska, ga mai nan ya sake shafe shi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Tela ya shiga ba da labarin tsadar zare, sauran suka taya shi da ƙwazo, kuma shirun da suka yi wa maganar ya fi tsiyarsu ciwo.

A makon nan Baba ya rage cin abinci. Ran Litinin na iske shi a zaure yana goge sifanoni ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai mai, yana naɗe su, irin naɗin da ake yi wa kayan da za su bar gida. Ni da na shekara biyar ina cewa ya huta, sai na ji tsoro ya kama ni. Na gane ban taɓa tambayar kaina abin da zai tashe shi da safe ba in babu buhun nan da zai shimfiɗa. Na ji kunyar bakina.

Ran Talata ina taya Inna girki ta ce in miƙo mata daddawa. Kwalin gwangwanin ta mayar ma'ajin kayan miya, daddawar kuma a cikin takardar nan ta ƙunshe ta. Na warware, ina shirin yarwa, idona ya faɗa kan zane. Ga gwangwanin an tsaga shi biyu, ga kibiya tana nuna tururi yana shiga, ga dunƙulen ƙarfe a tsakiya, ga ɗigon mai yana sauka daga jikinsa. Na karanta rubutun da ke ƙasa sau biyu, yana warin daddawa. Dunƙulen shi ne aikin gaba ɗaya. A jikinsa tururin ke kamawa ya koma mai. In babu shi, ga zafin bazara, tururin shiga yake ta wannan baki ya fita ta wancan.

Na ɗago kai. Soson yana rataye a ƙusa kusa da murhu, da guntun ƙanzo a jikinsa.

Na yi wa Inna bayani. Ta dubi takarda, ta dubi soso, ta zauna a kan turmi.

"Shi yab ba ni da hannunai," ta ce.

Nan take na kira taubashina. Ya yi dariya har sai da na nisanta wayar daga kunnena. "Wato mako biyu injina na shan mai, rabin gwangwanina na can shina wankin tukunya?" Da ya gama muka shirya: ran Juma'a zai fara tsayawa a ƙofar gidana, mu cusa soson a ɓoye, sannan ya wuce wajen Baba. Juma'a ta huɗu a ga mai, kowa ya huta.

Inna tana jinmu. Da na kashe waya ta ce, "Ba da sosona ba."

"Inna, in ba haka ba kayan aikinai za shi bayar."

"Na jiya. Ke kina ganin in ya kwance gwangwanin ba shi gane abin da yac cire da hannunai? Sai shi san ɗiyatai da ɗan ƙanwatai sun yi mashi wayo irin na yara. Wanga ya hi aje sihwana zahi."

"To in kai mashi takardar in karanta?"

"Wanda yaf fara cewa za shi karanta mashi, kin ga inda yak kai mu."

Na ce to mu zuba ido kenan? Ta ce in zo ran Alhamis da wuri, dambu za ta yi.

Inna a madafi take girki, can ƙuryar gida, tun kafin a haife ni. Ran Alhamis na zo na tarar ta fito da murhu tsakar gida, taku uku daga tabarmar da Baba ke kishingiɗa bayan azahar. Ta ce hayaƙi ya dame ta a ciki. Ta ɗora tukunya, ta ɗora madambaci a kai, ta zuba tsaki da zogale, ta rufe da faifai. Ni kuma ta tura mini tsohuwar tukunya da soson, ta zaunar da ni daidai inda rana za ta haska shi, ta ce in yi ta gogewa har sai ta ce ya isa.

Baba ya shigo ya kishingiɗa. Tururi ya fara tashi. Can Inna ta ɗaga faifan, ta waiga hagu da dama kamar mai neman wurin ajiyewa, alhali ga kwanuka nan birjik.

"Malam, riƙe mani wanga in juya."

Ban taɓa ganin Baba ya riƙe kayan girki ba. Ya karɓa don ba ta ba shi zaɓi ba. Ruwa ya gangaro daga saƙar faifan ya bi masa yatsu har gwiwar hannu. Ya yi tsaki.

"Mi kis sa mashi haka?"

"Ni? Ba ni sa komi ba. Tururi na. Bari kag gani, yanzu da nib buɗe dut sama shika tahiya, ko ɗigo ba ka gani. In ya iske saƙa gabanai sai shi maƙale shi koma ruwa."

Ta ci gaba da juya dambunta, ba ta ko dube shi ba. Ni kuwa ina ta ƙarar-ƙarar da soso, tukunyar ta daɗe da fita, saura kaɗan in huda ta.

Baba ya dubi faifan. Ya shafa saƙar da babban yatsa. Ya dubi tururin da ke tashi daga madambaci a buɗe yana ɓacewa. Sannan a hankali idonsa ya sauko kan hannuna. Na sunkuyar da kai na ƙara ƙaimi. Ya daɗe haka, har Inna ta karɓi faifanta ta rufe.

"Ke," ya ce da Inna. "Soson nan da nib ba ki."

"Wane?"

"Kin san shi. Aro nika so."

"Ikon Allah. Shekara nawa ina jiran tsaraba, ta zaka ta yi mako ukku, za a amshe."

"In sawo maki wani."

"Na kasuwa tsatsa shika yi. Wanga na waje na, kai kac ce."

Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya miƙo hannu, na sa masa soson. Ya wanke shi da kansa da kananzir, ya shanya a kan katanga, ya zauna yana gadinsa kada kaza ta ja. Ran nan ya ci dambu har ya nemi ƙari.

Na ɗauka zai lallaɓa ya mayar da shi ba wanda ya gani. Ran Juma'a ta uku sai ya jira benci ya cika, ya aika aka kira mai kwamfuta, sannan ya kwance gwangwanin ya fito da soson daga aljihu.

"Wanga da nic cire, shi na aikin. Ni nic cire, ba kowa ba. Yaron ga ya so shi karanta mani takarda, nik ƙiya." Ya cusa shi a ciki, ya ɗaure. "Saura Juma'a guda. Maganata tana nan."

Tela ya buɗe baki zai yi magana, na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

Makon nan ya yi mini tsawo. Na kira taubashina sau uku ina ce masa ya yi ta yawo da motar, ko ba inda za shi. Ya ce tunda yake bai taɓa jin malama tana umartar mutum da yawon banza ba, amma ya yi. An ce har yaran Anka sun gaji da binsa.

Juma'a ta huɗu Baba bai taɓa tsinken auna mai ba. Ya kwance gindin gwangwanin, ya karkata shi a kan murfin kwano a gaban kowa. Mai ya gangaro, baƙi-baƙi, mai kauri, cokali uku ko huɗu. Ya zare tiyon iska ya zura farin tsumma, ya fito da shi fari. Tela ya yi kabbara kamar an ga wata. Mai kwamfuta ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. Ni ina zaure ina share ido da bakin mayafi, ina ce wa kaina hayaƙin mota ne.

Dattawa suka watse, taubashina ya shiga ciki cin tuwon Inna kafin ya kama hanya. Na juya zan bi shi sai na ji an ce, "Malama."

Baba yana tsaye a bakin duron nan. Ya zura hannu ya ɗauko bargo ɗaya, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Wanga hwa? Mi takardarsu tac ce shina yi?"

Shekarata arba'in da biyu a lokacin, kuma wannan ce tambaya ta farko da ubana ya yi mini. Na ciro waya, na nemo, na karanta, na mayar masa da Hausa. Na so in rage, amma ban rage ba. Na ce ba don sanyin gari kaɗai aka sa shi ba. Shi ke sa injin ya kai zafin da ya dace da wuri ya kuma tsaya a nan. In babu shi injin yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, ya riga lokacinsa tsufa.

Baba ya dubi duron. Ya kusa cika.

"Dut mutanen da sunka yarda da ni na," ya ce.

Ya durƙusa ya shiga tonawa, yana ɗaga kowane ƙarfe kusa da idonsa, yana shafa lambar da yatsa, yana ajiyewa gefe. Ya kusa kai gindi kafin ya sami wanda yake nema. Daidai nan taubashina ya fito yana suɗe hannu, yana kaɗa makulli, ya buɗe baki zai ja ni da tsiya.

"Zo nan," in ji Baba. Ya sa masa ɗan ƙarfen a tafin hannu, ya yi tsatsa har ya koma ja. "Na ubanka na, na a-kori-kura tai. Sau biyu ina sauke mashi inji. Nic ce mashi lodi shika yi ya wuce kima. Yay yarda."

Taubashina ya goge lambar da babban yatsa. Ya karanta ta a fili, bai kai ƙarshe ba ya ƙarasa da ka, don lambar da ya haddace ce tun yana tsayawa a bakin titi yana jiran ta ɓullo. Ya sa ƙarfen a aljihun gaba, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Na gode, Kawu." Na tanadi wata tsiya mai kyau da zan raka shi da ita, na haɗiye abata.

Jar mota ta tashi ba tari. Baba ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya koma bakin duro.

"Gobe ki biyo da wayarki," ya ce. "Da saura da yawa."

Washegari da na biyo, na tarar ya shimfiɗa buhunsa, ya jera sifanoni daga babba zuwa ƙarami kamar kullum, ya kuma ajiye wata kujera 'yar tsugunno kusa da tasa, ta wajen inuwa.